Shekarar da Na Bi Turawa Hutu Bakin Teku

Ni 'yar Kusada ce, aure ne ya kai ni Kankiya. Maigidana kuku ne, yana yi wa Baturen gona girki a wani gida mai rufin kwano da ke bayan bariki, gefen titin da ya taso daga Kano ya nufi Katsina. Wannan Baturen shi ke zagaya ƙauyuka yana duba auduga da gyaɗa yana raba iri. Yana da mata, wadda kowa ke kira uwargida, da 'yarsu ƙarama da ba ta daɗe da fara tafiya ba. A lokacin ban haihu ba tukuna, don haka in na gama aikina da hantsi nakan leƙa gidan in ɗauki yarinyar in goya ta. Tun ranar da ta ɗanɗana goyo ta ƙi keken da ake tura ta a ciki. Da ta hango ni sai ta rugo ta zagaya bayana tana jan zanena.

Wata rana da la'asar, bayan an kwashe gyaɗa, ina tsakar gida ina tankaɗe, maigidana ya shigo da sauri, ko sallamar kirki bai yi ba. Ya tsaya kaina ya ce, "Ke, kina son ki ga teku?"

Na ce, "Wane teku kuma, Malam?"

Ya tsuguna ya yi mini bayani. Wai Turawa suna da wata al'ada, sai su kulle gidansu lafiya lau su tafi wani gari su zauna, ba fatauci, ba biki, ba gaisuwar mutuwa. Sunan abin hutu. Bana ba Ingila za su ba, za su wani wuri ne a ƙasar Kamaru, ɓangaren da ke hannun Ingilishi, inda wani dutse ya tsaya ƙafarsa cikin teku kansa cikin gajimare. Shi za a tafi da shi saboda girki, ni kuma uwargida ta ce in zan yarda in zo saboda yarinya.

Rariyar ta suɓuce daga hannuna, gari ya watse. Ni da ban taɓa wuce kasuwar Kankiya ba! Babban ruwan da na sani shi ne gulbi in ya kawo da damina.

Surukata tana bakin ɗakinta tana kaɗi, duk ta ji. Ta ajiye mazari ta ce, "Hutu? Wane aiki suka yi da sai sun tahi wata ƙasa za su huta? Kai dai ka tahi, wahalarka ce. Ɗiyar mutane kam ba ta shiga ruwa."

Aka yi ta ja, har aka yanke a kai maganar Kusada wurin mahaifina. Shi malami ne, yana da 'yar makarantarsa a zaure, yana kuma noma. Ya saurare mu yana shafa gemu. Da muka gama ya dube ni ya ce, "Ni na karanta teku a littafi tun ina yaro, ban taɓa sa shi a ido ba. Tunda da mijinki za ki, tahi. Ki riƙe sallarki, ki buɗe idonki." Ya yi mana addu'a. Mahaifiyata ta ƙulla mini yaji da ƙuli-ƙuli da dakakken gero a tsumma, tana share hawaye tana dariya.

A Kano na fara ganin jirgin ƙasa. Da ya yi kuka na ƙanƙame hannun maigidana a gaban jama'a, abin da ban taɓa yi ba. Turawan suna taragon gaba mai gadaje da labule, mu muna baya kan bencin katako tare da fatake da kajinsu, amma a kowace babbar tasha sai in sauka in ruga in karɓo yarinya, in mayar da ita a tasha ta gaba. Ban gaji da taga ba. Ina gani ƙasa tana sake kama: kuka da gawo suka ɓace, itatuwa suka yi tsawo suka haɗe kai, ƙasa ta yi ja, mutane suka daina jin sannu. Muka hau wata doguwar gada bisa Kwara, na leƙa ƙasa na ce wa maigidana, "To, ga tekun." Wani dattijo mai fataucin goro da ke kusa da mu ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Yarinya, wannan ai kwatarniya ce."

Gaskiyarsa. A Ikko na ga teku. Ruwa ne ba tsallake. Ka duba iya ganinka, sai ka ga ya haɗe da sama, ba itace, ba tudu. Jirgin ruwan da muka shiga ya fi unguwarmu girma, hawa bisa hawa. Da ya fara tafiya na yi ta amai har na ce surukata ta fi kowa hankali. Wata mata mai sayar da atamfa da muke zaune tare a farfajiyar jirgin ta ba ni ɓawon lemo in riƙa shinshinawa, ta nuna mini da hannu in daina kallon ruwan kusa, in kalli nesa. Washegari na warware, har na ci gurasa. Na ga kifaye masu girman maraƙi suna tsalle a gefen jirgi, suna bin mu kamar yara na bin mai dawo.

Da sassafe muka iso gaɓar Kamaru. Na idar da sallar asuba ke nan, maigidana ya taɓa ni ya ce, "Ɗaga kanki." Na ɗaga, na ga gajimare. Ya ce, "Ƙara ɗagawa." Can bisa gajimaren, inda ya kamata a ce sama ce kawai, sai ga kan dutse, rana ta taɓa shi ya yi ja kamar garwashi. Na yi salati da ƙarfi. Mu a wajenmu in an ce dutse, abin da akuya ke hawa ake nufi. Wannan kuwa ya tare rabin duniya, daga gindinsa har ƙugunsa kore shar, ga 'yan tsibirai a warwatse cikin ruwa a gabansa, ga fararen gidaje a bakin gaɓa kamar an shanya wanki.

Jirgin bai iya matsawa gaɓa ba, sai ƙananan jirage suka zo ɗaukarmu. Aka sa ni da uwargida da yarinya cikin wani akwatin katako mai kujeru, inji ya ɗaga mu sama, ya lilo da mu bisa ruwa, sannan ya sauke mu a hankali. Na rufe ido ina karanta duk abin da na haddace. Da na buɗe sai na ga uwargida ma idonta a rufe yake, ta riƙe gefen mayafina tamau. Yarinyar kaɗai ke ƙyalƙyala dariya. Muka dubi juna ni da uwargida, mu ma muka fashe.

Masaukin da suka sauka otal ne a bakin ruwa, doguwar baranda, kujerun kwance a jere, ma'aikata cikin fararen kaya da jar ɗamara suna kai da kawowa da faranti. Mu aka ba mu ɗaki a baya, kusa da madafa. Ɗakin ma'aikata ne, amma akwai gadon ƙarfe mai katifa da famfo a ƙofa. Na murɗa famfon, ruwa ya zubo, na rufe, na sake murɗawa. Na yi haka har maigidana ya ce in bari kada a ce mun zo da mahaukaciya. Shi ma ba shi da aiki a nan, don otal ɗin na da masu girkinsa. Ranar farko da gari ya waye na tashi a firgice ina neman turmi, sai na tuna babu daka, babu surfe, babu zuwa rijiya. Na koma na zauna bakin gado, hannuwana a cinya, ban san inda zan sa su ba.

Yashin bakin tekun baƙi ne ƙirin kamar an daka gawayi, yana ƙyalli in rana ta haska shi. Na zaci zai ɓata ƙafa, na taka na duba, ba komai. Nan Turawa ke wuni. Manyan mutane, waɗanda in sun zo Kankiya dagatai ke zubewa gaishe su, sai ga su sun tuɓe daga su sai ɗan kamfai, sun shafa mai sun kwanta cikin rana kamar kilishi. Mu muna gudun rana, su sun biyo ta tun daga wata duniya. Wani mai ƙaton ciki yana gina gidan yashi da 'ya'yansa, igiyar ruwa ta zo ta rushe, ya sake ginawa. Da fari na rasa inda zan sa idona don kunya. Daga baya na saba, na maida hankalina kan yarinya da ke bin ƙaguwa tana ihu.

Uwargida tana jin Hausa kaɗan-kaɗan. Wata rana ta fito daga ruwa gashinta ya manne a kai, ta ce mini, "Zo, ruwa daɗi." Na ce a'a. Ta kama hannuna tana ja. Na waiga wajen maigidana, yana zaune ƙarƙashin wata kwakwa, ya ɗaga kafaɗa yana murmushi. Na tattare zanena zuwa ƙwauri na shiga. Igiyar ta zo da gudu ta daki ƙafata, da za ta koma sai na ji yashi yana zarewa daga ƙarƙashin tafin ƙafata, kamar ƙasa za ta tafi da ni. Na ƙwalla ƙara, na zauna daɓas cikin ruwa. Ya shiga bakina. Gishiri! Na tofar na ce, "Malam, wa ya zuba wa ruwan nan gishiri haka?" Ya taso yana dariya har hularsa ta faɗi. Tun daga ranar kullum sai na shiga, da la'asar in mutane sun ragu, har na kai ruwa iya ƙugu.

Abincinsu ma abin kallo ne. Ana jera musu cokula da wuƙaƙe kamar kayan wanzami, a kawo abu kaɗan a tsakiyar babban faranti, a ɗauke, a kawo wani. Akwai wani abin ruwa ja mai gashin baki da suke ɓarewa da hannu. Babban kukun otal ɗin ya aiko mana da shi a kwano. Na juya shi na ce wannan ai fara ce ta faɗa ruwa. Maigidana ya ce abin da teku ya fitar halas ne. Na kwance yajin mahaifiyata na barbaɗa, na ci, na nemi ƙari. Wata rana kuma uwargida ta miƙo mini ƙaramin kofi da wani farin abu a ciki. Na kai baki, haƙorana suka amsa. Madara ce da sukari aka daskarar. Ni ƙanƙarar da na sani ita ce wadda ke faɗowa da ruwan farko muna tsincewa muna yara. Na so in rage wa maigidana, kafin in kai masa ta narke ta koma ruwa, ya shanye ya ce bai ga abin mamaki ba.

An kai mu wani lambu da aka tara itatuwan duniya, kowanne da ɗan allo a gindinsa, mafi yawansu ba a cin 'ya'yansu, don kallo kawai aka shuka su. An ɗauke mu a kwalekwale mai inji zuwa wani tsibiri, aka shimfiɗa farin ƙyalle bisa duwatsu aka ci abinci aka dawo. Da magariba rana takan sauka ta nutse cikin ruwa, Turawa su jeru a baranda da kofuna a hannu suna kallonta, su yi tsit kamar masu jiran liman. Ni ma na riƙa tsayawa daga gefe da yarinya a bayana, ina kallo har jan ya ɓace, sannan in tafi alwala.

Daga nan muka hau dutse. Mota ta ɗauke mu ta cikin gonakin ayaba da ba su da iyaka, hanya tana lanƙwasa tana hawa, kunnuwana suka toshe. Garin da muka sauka yana ƙugun dutsen. Sanyi ne mai laima, gajimare yakan shigo har baranda ya jiƙa maka gira. Gidan da aka ba su na dutse ne, da murhu a cikin falo, ana hura wuta mutane su kewaye ta. Ga furanni masu ƙamshi a ko'ina. Ga wasu shanu dabbare-dabbare marasa tozo, hantsarsu kamar tulu. Na tsaya ina kallon ana tatsar guda ɗaya, bokiti ya cika ba ta ƙare ba. Na ce da Fulanin wajenmu za su ga wannan, da sun yar da sanda sun zauna.

A nan aikin maigidana ya dawo. Bature ya ce zai hau har ƙololuwa, shi da wasu abokansa, da masu ɗaukar kaya, da kuku. Na tambayi maigidana me ke can sama. Ya ce ba komai. Na ce to me za a ɗauko? Ya ce ba komai, in sun kai za su juyo. Uwargida ta ara masa rigar ulu da safa, suka tafi da sanduna, muna kallonsu har hazo ya haɗiye su.

Washegarin tafiyarsu kwaɗayin miyar kuka ya taso mini. Na gaji da dankali da kifi. Mai sharar gidan ya ce akwai Hausawa a kasuwa, can gangare. Uwargida ta karɓi yarinya ta ce in je. Na bi layin masu nama har na ji ƙamshin daddawa, na bi shi da hanci. Wata tsohuwa ce zaune bisa kujerar tsuguno, ta lulluɓa da bargo, gabanta 'yan ƙore na kuka da kuɓewa busasshiya da kanwa. Na durƙusa na ce, "Iya, ina wuni? An wuni lahiya?"

Ta ɗago ta kafe ni da ido. Ta ce, "Sake hwaɗi."

Na sake gaishe ta.

Ta ce, "Ɗiyata, daga ina kika hito? Wanga baki ba na Kano ba ne."

Na ce, "Daga Kankiya, Iya. Amma ni ɗiyar Kusada ce."

Sai ta dafa ƙasa da hannu biyu kamar mai jin jiri. Ta ce, "Kusada. Kin san Kaikai?"

Na ce, "Iya, ai ko da ƙafa muna zuwa biki Kaikai."

Tsohuwar nan ta rungume ni a tsakiyar kasuwa, ƙoƙon kanwa ya kife, ta fashe da kuka tana dariya, tana kiran maƙwabtanta, "Ku zo ku ga ɗiyar garinmu!" Mahauta suka bar nama suka taho. Ta tattara kayanta tun rana ba ta yi ba, ta ja ni gidanta, wani ɗakin katako a unguwar Hausawa. Ta tuƙa mini tuwon masara da miyar kuka, ta zauna tana kallona ina ci, tana jero tambayoyi. Rijiyar bakin masallaci tana nan? Tsamiyar da ake saƙa a ƙarƙashinta fa? Har yanzu ana kiɗan gayya in za a yi noma? Abin da na sani na faɗa, abin da ban sani ba na ce ban sani ba.

Sannan ta ba ni labarinta. Tana amarya mijinta ya shiga soja, lokacin yaƙin Jamus na farko, aka kawo su wannan ƙasa, ita kuma ta biyo shi daga baya tare da matan bariki. Da aka sallame shi ya ce ya ga wurin zama, ya kama sana'ar fawa. Suka haifi 'ya'ya, suka aurar, ya rasu. Tun tana cewa baɗi za ta je gida har ta daina faɗa. Fataken da ke kawo mata kuka Kanawa ne da Zagezagi, ba wanda ya san Kaikai. Ta ce ta bar ƙane guda, uwa ɗaya uba ɗaya, lokacin bai fi kai tallan hura ba.

Ta kama hannuna ta ce, "In kin koma ki tahi Kaikai, ki nemi gidan maƙera na gabas. In yana da rai, akwai tabon ƙuna a ƙahwarshi ta hagu. Ki ce mashi wadda ta ɗauke shi daga bakin maƙera ranar da ya taka garwashi tana gaishe shi. Ki ce ban mutu ba."

Kullum sai na gangara wurinta har muka bar garin. Ta koya mini dafa ayaba da manja, ni kuma na juye mata sauran dakakken geron mahaifiyata. Ta dama shi, ta kurɓa, ta riƙe a baki ta daɗe kafin ta haɗiye.

Masu hawan dutse suka dawo leɓɓansu a fashe, suna ɗingishi. Maigidana ya zube gaban murhu ya ce ba zai ƙara ba ko da za a naɗa shi hakimi. Amma da ya sha shayi ya ji ɗumi, bakinsa ya buɗe. Ya ce can sama ba itace ko ɗaya, sai baƙaƙen duwatsu kamar kashin maƙera, ruwa ya ƙi tafasa da kyau, numfashi sai ka nemo shi. Ya ce da gari ya waye ya ga gajimare shimfiɗe a ƙarƙashin ƙafarsa kamar auduga ranar awo, ya yi sallah a bisansa. Ya ce Bature da ya kai ƙololuwa tsayawa kawai ya yi, ya cire hula, ya ci ɗan biskit, ya ce to a koma. Na bar shi ya gama tsaf, sannan na ce, "Malam, ni ma na hau nawa dutsen," na ba shi labarin tsohuwa. Washegari ya ɗingisa har kasuwa ya gaishe ta.

Da muka dawo Kankiya gidanmu ya cika da mata. Na faɗi baƙin yashi, suka yarda. Na faɗi saniya mai cika bokiti, suka dubi juna. Da na zo kan Turawa kwance cikin rana, surukata ta ce in yi shiru haka nan akwai yara, amma da mutane suka watse ta kira ni ɗakinta ta ce in ƙarasa mata.

Ban huce gajiya ba na wuce Kusada, na kwashe labarin teku na ba mahaifina, ya sa ƙanena ya raka ni Kaikai. Gidan maƙera na gabas ba ya ɓata, ƙarar uwar maƙera ce ta kai mu. Muka tarar da wani dattijo mai furfura yana gyaran garma, wani saurayi yana masa zuga. Na durƙusa na gaishe shi, idona a kan ƙafarsa ta hagu. Tabon yana nan, fari, daga dunduniya zuwa idon sawu.

Na ce, "Baba, an aiko ni. Wadda ta ɗauke ka daga bakin maƙera ranar da ka taka garwashi tana gaishe ka. Ta ce ba ta mutu ba."

Ya ajiye guduma a hankali. Saurayin ya daina zuga. Dattijon ya ce, "Mun yi mata sadaka tun ina saurayi." Ya dubi ƙafarsa, ya dube ni. "Da idonki kika gan ta?"

Na ce, "Da hannunta ta tuƙa mini tuwo."

Ya miƙe bai ko kakkaɓe rigarsa ba ya shiga cikin gida yana kiran matansa da 'ya'yansa. Kafin azahar rabin Kaikai na tsakar gidan, ana ta buɗa, an yanka zakara, ni ina tsakiya bisa tabarma ina maimaita labari ga duk wanda ya shigo.

Na zaci nan abin zai tsaya. Ashe maƙerin nan mai zuciya ne. Da aka yi girbin baɗi ya zo Kankiya wurin maigidana ya ce a kwatanta masa hanya. Mutumin da bai taɓa shiga ko mota ba! Maigidana ya haɗa shi da wasu fataken shanu masu zuwa kudu, ya tafi shi da babban ɗansa. Aka daɗe ba labari. Gab da faɗuwar damina, ina daka da cikin fari, sai ga yaro da gudu wai ana nemana a tasha. Na je na tarar da babbar mota ta tsaya, ana sauko da wata tsohuwa cikin bargo, a wannan zafin, tana faɗa da yaran mota kada su fasa mata kwandon busasshen kifi.

A gidanmu ta kwana kafin a wuce da ita Kaikai bisa jaki. Ta yi damina guda cur a can. Ta zagaya kushewar iyayenta, ta sha fura har ta gaji, ta sa wa jikokin ƙanenta albarka ɗaya bayan ɗaya. Ranar sunan ɗana na fari ita ta yi mini wankan jego na safe, tana mita wai ruwan rijiyarmu ba ya kumfa.

Da kaka ta yi ta ce za ta koma. Ƙanenta ya yi roƙo, dangi suka taru, ta ce ta ji, amma 'ya'yanta da jikokinta suna can, kuma zafin nan zai kashe ta, tuwon dawa ya yi mata nauyi, ba kifin kirki. Muka raka ta tasha da buhun gero da tulun man shanu. Da ta zauna gaban mota ta leƙo ta taga ta ce wa ƙanenta, "Kai kuma ka daina kuka gaban yara. Ba ka ga hanya ba? In ka yi marmarina ka taho ka huta."

Ya kuwa sake zuwa, har sau biyu, kafin ƙafa ta gagare shi.